Ma'anar "ham": gurnanin da ke fitowa daga amfilifaya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifikar masallaci da asuba, bayan an kunna na'ura amma ladan bai buɗe baki ba, ya san sautin nan: "uuuum", ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka, kamar ƙudan zuma ya maƙale cikin tulu. Masu gyaran rediyo da samarin da ke haɗa amfilifaya da hannunsu suna ce masa "ham". Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta sautin da mutum ke yi da bakinsa a rufe. Da Hausa gurnani ne ya fi kama da shi. Kada a haɗa shi da "shuuu" ɗin nan mai kama da yayyafi a kan kwano, wannan wata cuta ce daban.

Ham dai muryar wutar lantarkin gida ce, ta sami ƙofa ta shiga hanyar da sauti kaɗai ya kamata ya bi. Wutar soket kaiwa da komowa take yi, sau 50 cikin daƙiƙa guda a Najeriya da Nijar da Gana da ƙasashen Turai, sau 60 a Amurka. Shi ya sa bayanan da ke fitowa daga can suke maganar 60 da 120, mu kuma 50 da 100 muke ji. Mai janareta ma yana da shaida a gida. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 cikin minti don ya ba da 50 ɗin, to da zarar an ɗora masa dutsen guga ya yi nishi, za ka ji gurnanin sifika ya sauka tare da shi.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe shi ne, gurnanin kansa yana faɗin inda ya fito. Idan mai zurfi ne, mai laushi, wato na 50, galibi maganaɗisun taransifoman da ke cikin na'urar ne ke taɓa wayar da sauti ke shigowa. Idan ya fi tsini, yana da kaushi kamar "zzzz", wato na 100, to daga sashen da ke ba na'ura wuta yake. Dayod huɗun nan da ke bayan taransifoma, wato ƙananan ƙofofin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, suna kifar da rabin wutar da ke komowa ta koma gaba, sai bugun ya ninka ya zama 100. Manyan kafasitoci kuma aikin randa suke yi: su cika a kowane bugu, na'ura ta riƙa ɗiba kafin na gaba ya iso. Kafasita mai maikirofarad 4,700, idan ana jan amfiya ɗaya, wutarta takan yi tangal-tangal da kusan bolt 2. Mai 10,000 kuwa kusan bolt 1. In ta tsufa, ta bushe ko kanta ya kumbura, sai randar ta zama kwando. Wani lokaci ma gurnanin ba daga sifika yake ba sam, ƙarafan cikin taransifoma ne ke rawa. Zare wayar sifika ka kara kunne a jikin akwatin, nan take za ka gane.

Sai dai a amfilifayar da aka haɗa da sababbin kaya, ba kasafai kafasita ke da laifi ba. Na sha wannan wahalar da kaina. Na haɗa wata da TDA7294, wani ɗan guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sauti, na kunna, sai gurnani ya cika ɗaki. Na sauya kafasitoci, na ƙara masu girma, abin ya daɗa kaushi. Kwana uku ina zargin kayan da na saya, ashe waya ɗaya ce na liƙa a inda bai dace ba: na ɗauki giraun ɗin shigar sauti, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na manna shi da dalma a daidai wayar da ke tsakanin cibiyar taransifoma (wayarsa ta tsakiya) da kafasitocin, don nan ya fi kusa da hannuna.

A nan ne kan maganar yake. A takarda, duk inda aka zana alamar giraun sifili ne. A kan teburin aiki ba haka ba ne, domin kowace waya tana da ɗan taurin kai ga wuta komai gajartarta. Kafasitoci ba a hankali suke cika ba, kurɓa suke yi da ƙarfi a ɗan lokaci, sau 100 cikin daƙiƙa. A ce kurɓar ta kai amfiya 5, wayar kuma taurinta kashi ɗaya cikin ɗari na om, ma'aunin wannan tauri. Milibolt 50 ke nan, wato kashi ɗaya cikin ashirin na bolt, ya bayyana tsakanin bakin wayar da ƙarshenta. Amfilifaya ba ta san wannan datti ba ne, ta ɗauka waƙa ce, sai ta ninka shi sau 30, ya isa sifika a matsayin bolt ɗaya da rabi. Ƙarin kafasita kuwa ƙara gajarta kurɓar yake yi ya ƙara mata ƙarfi, shi ya sa nawa gurnanin ya daɗa muni.

Maganin shi ne a yi mahaɗa guda. A bar cibiyar taransifoma da kafasitoci su yi harkarsu a waya mai kauri, gajera. Daga tsakiyar kafasitocin a fito da ɗan reshe, a ƙarshensa a kafa mahaɗar. Giraun ɗin sifika ya zo da wayarsa, na shigar sauti ya zo da tasa, kada wani ya hau bayan wani. Siffar takan yi kama da tauraro, da wannan sunan ma aka san tsarin a littattafan sana'ar. Ranar da na matsar da waccan waya da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ɗakin ya yi tsit, har sai da na duba ko fiyus ne ya ƙone.

Ɗan'uwan wannan matsala shi ne abin da ake kira "giraun lup", wato giraun ya sami hanya biyu ya zama zobe. Kwamfuta tana da giraun ta soket, amfilifaya ma haka, sannan wayar sauti ta sake haɗa su. Zoben ya rufe ke nan, duk wani maganaɗisu da ya ratsa ta cikinsa sai ya haifar da 'yar wuta mai zagayawa. A cikin akwati ma yana faruwa, idan jikin soket ɗin shigar sauti yana taɓa ƙarfen akwatin alhali an riga an ja masa waya zuwa mahaɗa.

Wajen bincike kuwa, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Cire duk abin da ke shiga, ka haɗe bakin shigar sauti da giraun ɗinsa da guntuwar waya. In gurnani ya mutu, na'urarka lafiya lau, matsalar tana waje. Gwada da wayar salula a kan batirinta, sannan ka sa mata caja ka ji bambanci. In bai mutu ba, a ciki yake. Kwance taransifoma ka ɗan juya shi ko ka nisanta shi, idan sautin ya canza, maganaɗisu ne. Murɗa wayoyin da ke fita daga gare shi kamar tufkar igiya, ka raba su da wayar sauti, in dole su haɗu su gitta juna kada su jera. Inda makirufo ke da nisa, kamar a masallaci ko wurin taro, waya mai baki uku ta XLR ta fi, domin dattin da ya hau layukanta biyu yakan soke kansa a na'urar da aka yi dominta. Kafin ka sa hannu ciki kuma, zare wuta ka sauke cajin kafasitoci ta rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, don sukan riƙe wuta bayan an kashe.

Akwai wata dabara da ke yawo wadda nake roƙon a daina: karya ƙafa ta uku ta fulogi ko yanke wayar ƙasa. Gaskiya ne gurnani kan ɗauke, don zoben ya tsinke. Amma wannan wayar ita ce ke tsakanin mutum da ajali ranar da wuta ta taɓa jikin akwati, kuma daga akwatin hanya a buɗe take zuwa makirufon ƙarfe da ladan ke riƙe da shi da danshin alwala a hannu. Akwatin ƙarfe ya zauna ɗaure da wayar ƙasa da kusoshinsa na kansa. In ana son raunana zoben, tsakanin akwatin da mahaɗar giraun ake sa rizista mai om 10, tare da kafasita mai nanofarad 100 da gadar dayod mai amfiya 35 a gefenta, yadda wutar haɗari za ta sami hanyar wucewa ta ƙona fiyus. Ko kuma a sa ƙaramin taransifoman raba sauti a kan wayar da ta haɗa na'urorin biyu, sauti ya tsallaka, giraun ya tsaya.