Akalar kuɗin duniya da alkawarin Paris: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da daidaita tsarin kuɗin duniya da manufofin yanayi?

Maganar ta samo tushe ne daga Yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita ranar 12 ga Disamba, 2015. Sashe na biyu na yarjejeniyar ya zayyana manufofi uku. Ta farko ita ce a hana ɗumamar duniya kaiwa digiri 2 a ma'aunin Salshiyas sama da yadda take kafin zamanin masana'antu, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da ita a digiri 1.5. Ta biyu ita ce a ƙarfafa wa al'ummomi gwiwar jure fari da ambaliya da zafin da suka riga suka iso. Ta uku, wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce a sa kwararar kuɗi ta bi hanyar da za ta kai ga waɗancan biyun.

Kuɗin da ake nufi a nan sun wuce wani asusun tallafi da za a buɗe a gefe. Ana nufin bashin da bankunan kasuwanci ke bayarwa, da jarin da asusun fansho da kamfanonin inshora ke juyawa, da kasafin kuɗin gwamnatoci, da rangwamen haraji, da lamunin Bankin Duniya da takwarorinsa. Tallafin yanayi tamkar tulu ne, tsarin kuɗin duniya kuwa kogi ne, kuma cika tulun ba zai amfana da yawa ba muddin kogin yana gangarawa wajen haƙar kwal da man fetur.

Ashe ba wannan ne alkawarin dala biliyan 100 da aka daɗe ana magana a kai ba?

A'a, abubuwa biyu ne daban, ko da yake suna da alaƙa. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Copenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba a cika shi a kan lokaci ba. Ƙungiyar OECD, ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta ce sai a 2022 aka haura adadin, da dala biliyan 115.9, kuma mafi yawan kason da ya fito daga gwamnatoci bashi ne da za a biya, kyautar da ke ciki kaɗan ce. A taron yanayi na COP29 da aka yi a Baku ta Azerbaijan a Nuwamban 2024 aka tsayar da sabon adadi, dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, tare da kira ga kowa da kowa, gwamnati da 'yan kasuwa, a haɗa hannu a kai dala tiriliyan 1.3. Wakilan Indiya da na Najeriya sun fito fili a zauren taron suka nuna cewa adadin ya yi kaɗan matuƙa.

Akwai fargabar da ƙasashe masu tasowa suke bayyanawa, cewa za a fake da maganar gyaran tsarin kuɗi baki ɗaya a zame daga nauyin da Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashen da suka ci gaba, wato su ba da kuɗi daga aljihunsu. A ganina fargabar tana da hujja, domin wanda ya yi jinkirin shekara biyu wajen cika ƙaramin alkawari ba zai yi mamaki ba idan aka yi masa kallon tuhuma a babba. Amma watsar da manufa ta uku saboda wannan fargaba kuskure ne, tunda ko an biya dala biliyan 300 ɗin nan cif, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da duniya ke zubawa a harkar makamashi kaɗai a shekara guda ba.

To ina kuɗin suke tafiya a halin yanzu?

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 an zuba jarin da ya haura dala tiriliyan 3 a makamashi, kuma kusan tiriliyan 2 daga ciki sun tafi ga hasken rana da iska da layukan wuta da batura da motocin lantarki da makamantansu. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai mafi yawan jarin ya tattaru a Sin da Turai da Amurka. Afirka, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, kuma mutum kusan miliyan 600 a cikinta ba su da wutar lantarki, tana samun abin da bai wuce kashi 2 cikin 100 na jarin makamashi mai tsafta ba. A ɗaya ɓangaren kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya lissafa cewa a 2022 gwamnatoci sun kashe kimanin dala tiriliyan 1.3 kai tsaye wajen rage farashin mai da gas da kwal, idan kuma aka haɗa da ɓarnar da hayaƙinsu ke yi wa lafiya da muhalli wadda ba a sa ta cikin farashi, lissafin ya kai tiriliyan 7.

Me ya sa nahiyar da ta fi kowace samun rana ba ta jawo jarin hasken rana?

Nan ne zuciyar al'amarin take, kuma amsar ita ce tsadar bashi. A duba manomin rani a fadamar Haɗeja da ke shayar da albasa ko shinkafa da injin fetur. Injin yana da sauƙin saye, amma kullum sai ya ɗebi jarka ya nufi gidan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin man yake cinye masa riba kafin amfani ya nuna. Famfon hasken rana ba ya shan ko ɗigon mai, rana ce kyauta daga Allah, amma kuɗin faifan da famfon duka a tashi ɗaya ake biyansu tun kafin a zuba ruwan farko. Wanda ba shi da kuɗin a hannu sai ya nemi bashi, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024. Don haka sai ya ci gaba da ɗaukar jarkarsa, alhali ya san wanne ya fi arha a tsawon shekaru.

Abin da ke faruwa da manomin shi ke faruwa da ƙasa. Tashar hasken rana kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa, saboda haka farashin wutar da za ta sayar ya rataya ne a kan kuɗin ruwan da aka ci bashin ginata. A ɗauki misali na lissafi kawai: bashin dala miliyan 100 na shekara 20. Idan kuɗin ruwa kashi 4 ne, abin da za a riƙa biya duk shekara kimanin miliyan 7.4 ne. Idan kashi 12 ne, sai ya koma kimanin miliyan 13.4. Faifai iri ɗaya, daga masana'anta ɗaya, amma wutar ɗaya ta kusa ninka ta ɗayar tsada, ko da ranar da ke dukanta ta fi ƙarfi. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna cewa tsadar jari ga irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa takan ninka ta ƙasashen da suka ci gaba sau biyu ko fiye.

Sannan ga matsalar canji. Bashin da dala ake cinsa, wutar kuwa da naira ko sidin Ghana ake sayar da ita. Kamfanin da ya ci bashi lokacin da dala take kusan naira 460 a farkon 2023, ya wayi gari a 2024 tana sama da naira 1,400, nauyin bashinsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba. Mai ba da bashi ya san haka na iya faruwa, shi ya sa tun farko yake tsuga kuɗin ruwa, ko ya ƙi bayarwa sam.

Manyan bankunan duniya sun yi alkawari a Glasgow. Ina aka kwana?

A taron yanayi na COP26 da aka yi a Glasgow a 2021, Mark Carney, tsohon gwamnan Babban Bankin Ingila, ya sanar da wani ƙawance na cibiyoyin kuɗi sama da 450 masu riƙe da dukiyar da ta kai dala tiriliyan 130, waɗanda suka ce za su daidaita harkokinsu da manufar kawar da hayaƙi nan da 2050. Alkawarin na sa kai ne, babu dokar da ta tilasta shi. Daga Disamban 2024 zuwa Janairun 2025, yayin da iskar siyasa ta juya a Amurka, manyan bankunan ƙasar shida, Goldman Sachs da Wells Fargo da Citigroup da Bank of America da Morgan Stanley da JPMorgan Chase, suka fice daga reshen bankuna na ƙawancen ɗaya bayan ɗaya, kuma a Oktoban 2025 reshen ya daina aiki. Ranar 20 ga Janairu, 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin fitar da Amurka daga Yarjejeniyar Paris karo na biyu. Banki yana juya dukiyar mutane ne domin riba, kuma muddin rijiyar mai ta fi tashar rana kawo riba da tabbas, can zai kai kuɗi, sai fa idan doka ko farashi sun canza masa lissafin.

Mene ne ruwan manyan bankunan ƙasashe, irin su Babban Bankin Najeriya, a wannan batu?

Ruwansu shi ne kare tsarin kuɗi daga durƙushewa. Ambaliya na iya shafe kadarorin da aka jinginar wa banki, sauyin doka kuma na iya mayar da mahaƙar kwal kadarar da ba ta da mai saye. Saboda haka a Disamban 2017 manyan bankuna da hukumomin sa ido guda takwas suka kafa wata ƙungiya don auna wannan haɗari, wadda mambobinta suka haura ɗari daga baya, ko da yake Babban Bankin Amurka ya fice a Janairun 2025.

Akwai wani gefe na wannan aiki da ya kamata ya dame mu. Idan masu ba da bashi suka ƙware wajen auna haɗarin yanayi, waɗanda za su fara ƙara wa kuɗin ruwa su ne ƙasashen da fari da ambaliya suka fi addaba, irin su Nijar da Chadi, waɗanda hayaƙin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da masana'antu ba. Auna haɗari ba tare da wani ya ɗauke wa matalauta wani kaso nasa ba zai kori jari ne daga inda aka fi buƙatarsa.

Wane gyara ake nema daga Bankin Duniya da IMF?

Wadda ta fi ɗaga murya a kan wannan ita ce Mia Mottley, Firaministar Barbados, da shirinta na Bridgetown da ta gabatar a 2022. Daga cikin abin da take nema akwai a ƙara yawan lamuni mai sauƙi na dogon zango, bankunan raya ƙasa su tsaya wa masu zuba jari a kan haɗarin canji, a kuma sa wani sharaɗi a takardun bashi da zai dakatar da biya idan bala'i ya auku. An riga an ga amfanin wannan sharaɗi: bayan guguwar Beryl ta ɗaiɗaita Grenada da ke yankin Caribbean a 2024, ƙasar ta yi amfani da shi ta jinkirta biyan masu binta, ta karkatar da kuɗin ga gyaran ɓarna.

Rabon da IMF ya yi a Agustan 2021 ya nuna inda gizo ke saƙa. Asusun ya fitar da kuɗin ajiya na musamman da darajarsu ta kai dala biliyan 650, amma da yake ana rabawa ne bisa girman hannun jarin kowace ƙasa a asusun, Afirka baki ɗaya ta tashi da kimanin biliyan 33. An ɗan samu motsi tun daga nan. IMF ya buɗe asusun lamuni mai dogon zango don juriya a 2022, sannan Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ƙaddamar da shirin kai wa mutum miliyan 300 wuta a nahiyar nan da 2030.

Ƙasar da ta dogara da mai kamar Najeriya fa, ba cutarta za a yi ba?

Haɗarin yana nan. Bankin Duniya ya daina ba da kuɗin haƙar mai da gas bayan 2019, Bankin Zuba Jari na Turai ma ya rufe ƙofarsa ga yawancin irin waɗannan ayyuka daga ƙarshen 2021. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sha nanata cewa hana Afirka kuɗin gas rashin adalci ne, tunda matan karkara har yanzu da itace da gawayi suke girki, kuma hujjarsa ta ƙara ƙarfi lokacin da Turai ta bazama neman gas a Afirka bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022. Amma mu ma akwai namu aikin. Najeriya ta yi alkawarin kawar da hayaƙinta nan da 2060, shirinta na sauya makamashi na 2022 ya ce ana buƙatar ƙarin kimanin dala biliyan 10 duk shekara, alhali takardun lamunin muhalli da ta fara sayarwa a Disamban 2017, irinsu na farko daga wata gwamnati a Afirka, naira biliyan 10.69 ne kacal. Mai jari ba zai gina tasha ba sai ya tabbata kamfanin rarraba wuta zai biya shi, kuma gyaran wannan a Abuja yake.

Asarar da ta riga ta auku wa zai biya?

A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022 aka amince da kafa asusun asara da ɓarna, a Dubai kuma a 2023 aka yi masa alkawuran farko na kimanin dala miliyan 700. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ita kaɗai ta shafi mutum miliyan 33, an kuma ƙiyasta ɓarna da asararta sama da dala biliyan 30. A shekarar ce ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, a Damagaram kuma mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin birnin mai tarihi. Irin wannan asara ba ta da ribar da za ta jawo ɗan kasuwa, domin sake gina makarantar da ruwa ya ci ba ya haifar da kuɗin shiga. Kyauta take buƙata daga aljihun gwamnatocin da hayaƙinsu ya fi yawa, idan kuma aka ba da ita a matsayin bashi, ƙasar da ruwa ya ci za ta biya kuɗin gyara sannan ta biya kuɗin ruwa a kansa.