Tambayoyin da aka fi yi min kan renon iri da kula da tsiro

Tunda na fara maganar lambu tambayoyi suke ta shigowa, kuma kusan duk abu ɗaya ne, wani irinsa ya ƙi fitowa wani ya fito ya mutu, toh bari in haɗa su wuri guda in amsa. Abin da na lura dashi shine ba sakaci ke kashe yawancin tsiro ba, wuce gona da iri ne, ruwa yayi yawa, rami yayi zurfi, inuwa tayi yawa.

Na shuka iri yau kwana goma shiru babu abin da ya fito, ko irin ne ba kyau?

Ɗan'uwa kafin ka ɗora wa iri laifi fara duba zurfin da ka binne shi. Ƙwayar iri ɗan guzuri ne a cikinta wanda zai kai tsiron har ya leƙo ya ga rana, idan ka tura ta can ƙasa guzurin zai ƙare a hanya ta mutu ba wanda ya gan ta. Ƙa'idar da ake bi shine zurfin ya zama kamar ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar, kenan tumatir da tattasai da kabeji rabin santimita zuwa ɗaya ya ishe su, latas kuwa a sama ake barbaɗa shi a ɗan danna kawai don yana son haske kafin ya tsira.

Sannan kowane iri da lokacinsa. Tumatir kwana 5 zuwa 10 in da ɗumi, barkono da attaruhu sukan kai sati biyu har uku, musamman in ana sanyi, don su sun fi son ƙasa mai ɗumi wajen digiri 25 zuwa 30. Latas kuma akasin haka, in zafin ƙasa ya haura digiri 30 sai ya kwanta ya ƙi tashi. In kana shakkar irin gwada shi, ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a tsumma ko tishu mai danshi, saka a leda ka ajiye inda ba sanyi, ka riƙa dubawa. In 8 ko 9 sun fasa irin lafiya lau, matsalar tana wajen shukar. In 3 ne ko 4 toh ya tsufa. Irin albasa ma shekara ɗaya zuwa biyu ya fara mutuwa, na tumatir kuwa yakan kai shekara huɗu in an adana shi da kyau.

Wace irin ƙasa zan zuba a bedi (wurin renon iri a ƙasa) ko tire?

Mai laushi wadda take riƙe danshi amma ruwa baya kwanciya a cikinta. Laka zalla in ta bushe ɓawo takeyi a sama, tsiro ya kasa fasa shi, yashi zalla kuma kafin ka juya baya ya bushe. Haɗa ƙasa mai kyau da ɗan yashi da takin da ya ruɓe sosai har ya daina wari da zafi, ka tankaɗe ka cire duwatsu. Ɗanyen kashin kaji ko na dabbobi kada ya kusanci wurin reno, ƙona saiwa yakeyi. Kuma ko me zaka yi amfani dashi, kofin roba ne ko gwangwani ko leda, a huda gindinsa.

Sun fito da kyau gwanin sha'awa, sai na wayi gari sun zube kamar an tsinke su daga gindi, menene wannan?

Wannan ita ce tambayar da tafi taɓa ni don nima ta faru dani, tire guda na tumatir na rasa cikin kwana biyu. Ɗauki ɗaya ka duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, zaka ga wurin ya sirance ya yi laushi kamar an matse shi da zare, wani lokaci ya yi duhu. Ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna da suke zaune a cikin ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, kuma abin da suke so shine jiƙa da cunkoso da rashin iska, wato daidai yanayin da mai sabon lambu yake haɗa musu da hannunsa don tausayin kada tsiro ya ji ƙishi.

Gaskiyar magana wanda ya riga ya faɗi bazai tashi ba, cire shi da ƙasar da ke kewaye dashi ka zubar nesa, ka tsaida ruwa har saman ƙasar ya sha iska, ka matsar da sauran inda iska ke wucewa. A gaba kuma rigakafi ne kawai, wanke tsoffin kwantena da sabulu ka shanya a rana, kada ka maimaita ƙasar da cutar ta taɓa kamawa, kada ka yafa iri da yawa wuri ɗaya, ban ruwa kuma da safe don saman ƙasa ya bushe kafin dare. In bedi ne a ƙasa kuma lokacin zafi ne, zaka iya jiƙa shi ka rufe da farar leda mai shara-shara sati 4 zuwa 6 kafin shuka, zafin rana yana rage cutar sosai har da irin ciyawa.

Amma ka tabbatar ba tsutsa bace. Ita da dare take fitowa ta yanke karan tas, in ka ɗan tona gefen gindin sau da yawa zaka same ta a nannaɗe.

To sau nawa zan ba su ruwa a rana?

Ba'a ƙirga wannan da agogo 'yar'uwa, yatsa ake sawa. In kin ji danshi ki bari, in ya fara bushewa ki bayar. Kafin iri ya tsira dai kada ya bushe ko sau ɗaya, don ƙwayar da ta sha ruwa ta fara motsi in ta bushe shikenan. Ki yi amfani da buta mai ƙananan huji, ko ki huda murfin gora, don ruwa mai ƙarfi tono iri yakeyi ya tara shi gefe ɗaya. In tire ne ma ya fi a ɗora shi cikin faranti mai ruwa ya sha ta ƙasa na ɗan lokaci sannan a cire.

Nawa sun yi tsawo siriri kamar zare suna ta karkata, taki ne basu samu ba?

A'a haske ne, miƙewa sukeyi suna neman rana. Wannan yakan faru ga wanda ya rufe bedi da ciyawa ko buhu ya manta bai ɗage ba, ko ya ajiye su a ɗaki nesa da taga. Ranar da ka ga kawunansu sun leƙo ranar zaka cire rufin. Rumfa ma a ɗaga ta sama, ta tare zafin tsakar rana kawai, hantsi da yamma su samu. Ƙara taki a wannan halin ƙara lalata su yakeyi.

Ganye biyun farko da kake gani ba ganyen gaske bane, na cikin ƙwaya ne. Sai na gaske sun fito, masu kama da na uwar, sannan zaka fara taki, shima a tsarma shi da ruwa sosai kamar rabin abin da aka rubuta a jikin fakitin takin ko ƙasa da haka. A lokacin ne kuma zaka rage cunkoso, nasan akwai ciwo mutum ya cire tsiro mai rai amma biyar a rami ɗaya babu wanda zai yi ƙwari, bar mafi ƙarfi, sauran ka datse da almakashi don kada ka girgiza saiwar wanda ka bari.

Yaushe zan yi dashe, kuma me yasa suke yaushi in na dasa?

Tumatir da kabeji sati 4 zuwa 6, in sun yi ganyen gaske huɗu zuwa shida, tattasai da barkono da albasa sati 6 zuwa 8. Yaushin kuma yawanci daga gaggawa ne, tsiron da ya tashi a inuwa ka ɗauke shi rana ɗaya ka kai tsakiyar fili dole ya sha wuya. Ka horar dasu tukuna na kwana 7 zuwa 10, kullum ana ƙara musu awannin rana da iska, ana ɗan rage ruwa. Ranar dashe ka jiƙa su tun kafin lokacin, ka ciro da ƙasarsu, ka riƙe ta ganye ba ta kara ba don ganye in ya yage wani zai fito amma kara in ya murƙushe an gama, ka dasa da yamma ko ranar da akwai gajimare, ka bi da ruwa nan take. Tumatir zaka iya binne shi har kusa da ganyen farko, karansa yana fidda sabuwar saiwa, wannan ma yana gyara waɗanda suka yi tsawo.

Ba komai ake dasawa ba fa. Karas in ka dasa shi saiwar karkacewa takeyi ko ta rabu biyu, wake da masara da kuɓewa da kankana da kokwamba duk sun fi son a shuka su inda zasu zauna. Kuɓewa in ka jiƙa irin ya kwana a ruwa ya fi saurin fitowa.

Zan iya cire iri daga tumatirin da na noma in sake shukawa?

Duba fakitin da ka fara saya. In an rubuta F1 haɗin aure ne na iri biyu, 'ya'yansa zasu tsira amma ba lallai su yi kama da uwar ba, wani babba wani ƙarami wani ba yabanya. In ba F1 bane toh zaɓi wanda ya nuna sosai daga shuka mai lafiya, matse 'ya'yan da ruwansu a kofi ka bari kwana 2 zuwa 3 yauƙin ya saki, wanke, ka zubar da waɗanda suka taso sama, ka shanya a inuwa har su bushe ƙayau. Zuba a ambulan ka rubuta suna da shekara, ka saka a kwalba mai murfi inda ba zafi ba danshi ba haske.