Mene ne "bege"?

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zongo, da wuya ka kwana ba ka ji lasifika tana tashi da bege ba. Shi ya sa yara da yawa a Kumasi suka taso suna zaton bege sunan waƙar Maulidi ne kawai. Kalmar kuwa ta girmi lasifika nesa ba kusa ba.

A Hausa, bege shi ne ƙishirwar ganin wanda ba ya kusa. Uwa tana begen ɗanta da ya tafi cin rani. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar goro daga Kano zuwa Salaga sun yi begen gida, wasunsu har suka mutu ba su koma ba. Ba a begen wanda ake zaune da shi a tabarma ɗaya. Nan ne ya rabu da yabo. Maroƙi yana yabon sarki a gabansa, ya kawo kirari, a jefa masa riga. Mai bege kuwa da wanda bai taɓa gani ba yake magana, Annabi Muhammadu (SAW), kuma abin da yake roƙo shi ne ziyarar Madina, ko ganinsa a mafarki, ko ceto ranar gobe ƙiyama. Malamai suna cewa madahu, daga Larabci, sai dai madahu yabo ne tsantsa. Bahaushe da ya zaɓi "bege" ciwon da ke cikin waƙar ya kama.

Dubi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun yana saurayi ya yi ƙasidar Larabci wadda ta buɗe da tambaya, ko akwai hanyar da za ta kai shi Madina da sauri ya ziyarci kabarin Manzo. Har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. A ganina babu sharhin da ya fi wannan fayyace kalmar.

Waƙar begen da ta fi zama a bakin tsofaffinmu ita ce Ishiriniyya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a ƙasar Maroko a 1230. Sunan daga ishirin yake: kowane harafi na Larabci an ba shi baiti 20 masu ƙarewa da shi. Daga baya Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ya koma mai ɗango biyar, kuma wannan sigar ce ake rerawa a zaure da zawiya. Mutum zai haddace ta ko bai iya fassara rabinta ba, ya rera yana hawaye.

Wannan dabarar bin haruffa ba a kanmu aka fara ba. Zabura ta 119, wadda Yahudawa da Kirista suke karantawa, an gina ta a kan haruffan Ibraniyanci 22, kowanne aya 8, jimla 176. Bambancin shi ne a can harafin a farkon aya yake zuwa. Zabura ta 42 kuma tana kwatanta rai da barewa mai neman ruwa. Da Bahaushe ne ya rubuta, bege zai kira ta. Maƙwabtanmu Kirista 'yan cocin Methodist suna da abin da Fante suke kira ebibindwom: ana cikin wa'azi sai wata dattijuwa ta miƙe ta ɗauko waƙa daga maganar da fasto ya faɗa, jama'a su karɓa da amshi. Duk wanda ya saba zaman Maulidi zai gane wannan tashi na sha'iri idan shauƙi ya kama shi. A Indiya ma mabiya Hindu har yau suna rera waƙoƙin Mirabai, mace ce ta ƙarni na 16, mafi yawansu kukan rabuwa ne da abin bautarta.

Aƙida dai ba ɗaya ba ce, kada a haɗa. Wanda Musulmi yake bege bawan Allah ne kuma Manzonsa, ba bauta masa yake ba, kuma rigimar da ake yi a zangonninmu tsakanin 'yan ɗariƙa da masu suka a kan wannan iyakar take: wane baiti ne ya wuce gona da iri, kuma ko fiyano da kiɗan situdiyo sun dace da sunan Manzo. Ni abin da ya fi damuna shi ne wasu sha'iran yanzu, baiti biyu na Annabi, goma na alhajin da ya yi liƙi. Wannan roƙo ne ya ari rigar bege.

Akwai wata ma'anar da mutanenmu ba su cika sani ba. A bakin Kirista masu jin Hausa, bege na nufin sa rai ga alkawarin Allah, suna jera shi tare da bangaskiya da ƙauna, har suna raɗa wa 'ya'yansu suna Bege. Idan ka je ta'aziyya gidan maƙwabcinka Kirista ka ji ana cewa mamacin ya tafi cikin bege, tashin matattu ake nufi.