Kansar kaluluwa ta Hodgkin idan ta yi nisa

Wannan kansa ce da ke kama kaluluwa, a wuya ko hamata ko cikin ƙirji, ta samo sunanta daga likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya fara bayaninta a 1832. Ana cewa ta yi nisa idan ta kai mataki na 3, wato ta kama sama da ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ko na 4 da ta shiga hanta, huhu ko ɓargo. Amma ko a nan ɗin ma tana cikin kansar da ake warkewa.

Kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, shi ne jigon maganin. Haɗin da aka fi sani shi ne ABVD, wanda likitan Italiya Gianni Bonadonna da abokan aikinsa suka fito da shi a Milan a shekarun 1970, magani huɗu ne ake sawa ta jijiya duk sati biyu har wata shida, zama 12 kenan, ɗaya daga cikinsu ma jawur yake, har fitsari yana yin ja bayan an sa, mutum ya tsorata alhali ba jini ba ne. Wani daga cikinsu kuwa, bleomycin, yana taɓa huhu, shi ya sa yanzu in hoton PET, mai nuna inda kansar take da rai a jiki, ya fito fes bayan wata biyu sai a cire shi.

Gashi da na'ura fa, wato ƙona kansar da haske mai ƙarfi? A da ana yinsa sosai, sai bayan shekaru aka ga illar, ciwon zuciya da kansar mama ga matan da aka gasa wa ƙirji suna ƙanana. Yanzu sai dai a gasa ragowar ƙullutun da PET ya nuna bai mutu ba.

A 1998 masu bincike biyu, Hasenclever da Diehl, sun ware abubuwa bakwai da ke rage sa'ar magani: shekara 45 zuwa sama, zama namiji, mataki na 4, ƙarancin jini, ƙarancin albumin (wani furotin na cikin jini), farin ƙwayar jini ya yi yawa, limfosait (wani nau'in farin ƙwayar jinin) kuma ya yi kaɗan. Cikin waɗanda ba su da ko ɗaya, kashi 84 cikin ɗari sun yi shekara biyar ciwon bai ci gaba ba, masu biyar ko fiye kuwa kashi 42.

Abin da lissafin bai kama ba shi ne jinkiri. Zazzaɓi, zufar dare, rama da kumburin wuya duk kamannin tibi ne, wato tarin fuka, a ƙasashenmu sai a yi watanni ana shan maganin tibi kafin a yanki kaluluwar a gwada, in an fara kemon kuma kuɗi su yanke a tsakiya.