Rashin haihuwa ba daga mace kaɗai yake ba

Aure ya shekara uku babu ko ɓatan wata, sai dangin miji su fara kallon cikin amarya. Ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ake kira juya, daga baya a yi mata kishiya. Maigida kuwa babu mai tuhumarsa, tunda yana kusantar iyalinsa lafiya lau. Wannan abu yana ƙona mini rai.

Namiji na iya fitar da maniyyi yadda aka saba, amma a duba shi a madubin likita a tarar babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya. A 1976 masu bincike biyu a Italiya suka lura cewa wasu irin waɗannan mazan sun rasa wani yanki na sandar gado ta Y, wato ɗaya daga cikin sandunan da ke ɗauke da gadon halitta a jiki, wadda ɗa ke gada daga ubansa. A yankin akwai ƙwayar gado mai suna DAZ, mai hannu a samar da ƙwayar haihuwar namiji, kuma zuriyarta tsohuwa ce ƙwarai: ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba yana da 'yar'uwarta, idan ta lalace namijinsa ba ya haihuwa.

Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da arha, amma maza da yawa ko ƙofar asibitin ba sa takawa.