Taswirar matattarar wel da dolfin a teku: tambayoyin da mutumin Sakkwato zai yi

Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, kuma da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Goronyo faɗi ba. Saboda haka in aka ce masana na yawo a teku suna shata wuraren da wel da dolfin suka fi bukata, dole mutum ya yi tambaya. Ga waɗanda aka fi yi.

Su wel da dolfin ɗin nan, kifaye ne?

A'a, ko da yake siffarsu ta kifi ce. Da huhu suke numfashi, dole sai sun taso sama sun shaƙi iska ta kafar da ke tsakar kansu. Haihuwa suke yi, su shayar da nono. Jinsinsu kusan 90 ne, kuma babbansu, shuɗin wel, tsawonsa kan kai mita 30. Abin lura a nan shi ne ba sa yawan haihuwa. Babbar wel kan ɗauki ciki kusan shekara, ta haifi ɗa guda, sannan ta huta shekara biyu ko uku. Dabbar da ke haka, in aka yi mata ɓarna, sai an daɗe kafin ta farfaɗo.

To teku ba duk ruwa ba ne? Me zai sa wani wuri ya fi wani?

Wanda ya san kiwo ba zai yi wannan tambaya ba. Baƙo na ganin daji duk ɗaya, amma Bafulatanin da ke kora shanu daga Illela ko Gwadabawa ya nufi kudu da rani ya san ina burtali ya bi, ina mashaya take, ina ake yada zango. Toshe masa mashaya ɗaya ka ga yadda tafiyar duka za ta rikice. Haka teku take ga waɗannan dabbobi.

Akwai wuraren da ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa sama ɗauke da sinadarai, kamar gaɓar Muritaniya da ta Namibiya. A nan ƙananan halittu ke yaɗuwa, kifi ya biyo su, dolfin da wel su biyo kifi. Akwai kwazazzabai masu zurfi a ƙarƙashin ruwa inda wel mai ƙaton kai ke nutsewa farauta. Akwai kuma ruwa mai ɗumi, mai kwanciya, inda ake zuwa haihuwa.

Dubi wel mai doro. Tana cin abincinta a ruwan ƙanƙara na Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ta tara kitse. In sanyi ya matso sai ta kamo hanya, tafiyar dubban kilomita, har zuwa Mashigin Gini, wato tekun da ke gaban Gabon da Kamaru da Nijeriya da Benin. Tsakanin Yuli da Oktoba ake ganinta a can, daidai lokacin da gero ke fitar da kai a gonakinmu. A can take haihuwa, domin jaririn bai da kitsen da zai kare shi daga sanyi. Duk tsawon zaman nan kusan ba ta cin komai, da kitsen jikinta take shayarwa. Ke nan dabba ɗaya na bukatar wurin kiwo, wurin haihuwa da hanyar da ta haɗa su, kuma kowanne yana ruwan wata ƙasa daban, ko ma ruwan da ba na kowa ba.

Wane ne ke wannan aiki na shata wurare?

A shekarar 2013 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Erich Hoyt da Giuseppe Notarbartolo di Sciara. Su suka fito da tsarin da ake kira IMMA a taƙaice, wato muhimman wurare ga dabbobin ruwa masu shayarwa. Sun kwaikwayi abin da masu nazarin tsuntsaye suka daɗe suna yi, irin tsarin da ya sa aka san fadamun Haɗeja da Nguru a duniya saboda tsuntsayen da ke sauka a can.

Taron farko an yi shi a 2016 a garin Kaniya na tsibirin Kirit a ƙasar Girka, a kan tekun Bahar Rum. Daga nan aka riƙa ɗaukar teku yanki-yanki. Kowa na iya gabatar da wuri in yana da hujja. Masanan yankin su zauna kamar mako guda suna tantancewa, sannan a miƙa wa wasu masana na daban da ba su halarci taron ba su sake dubawa. Wuri kan shiga ne in jinsin da ke cikinsa na fuskantar ƙarewa, ko wani ɗan ƙaramin garken dabbobin ne ke zaune a nan ba ya zuwa ko'ina, ko wurin taruwa ne, ko na haihuwa, kiwo ko ƙaura, ko kuma yana da jinsuna da yawa a haɗe. Wanda hujjarsa ba ta cika ba, ba a jefar da shi, ana ajiye shi a jerin wuraren da ke jiran ƙarin bincike. Zuwa yanzu waɗanda aka tabbatar sun haura 300.

Dabbar da ke ƙarƙashin ruwa, yaya ake sanin inda take?

Nan ne wahalar take. Hanya mafi daɗewa ita ce ido: jirgi ya bi miƙaƙƙen layi, mutane su tsaya a sama da madubin hangen nesa, duk feshin numfashin da suka hango su rubuta wuri da lokaci. Daga nan a yi lissafin yawa.

Sai hoto. In wel mai doro za ta nutse takan ɗaga jelarta sama na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙasan jelar na da zanen fari da baƙi, da tsage-tsage a gefe, da tabon cizo ko na igiya, kuma babu biyu da suka yi kama. Mai bincike na zaune cikin kwale-kwalen da ke tangal-tangal, kyamara a hannu, yana jiran wannan ɗagawar kaɗai. Hoton da aka ɗauka bana a wata gaɓa, in ya dace da wanda aka ɗauka shekarun baya a wata nahiya, an gano hanyar dabbar ke nan. Dolfin kuwa da ƙayar bayansa ake shaida shi.

Akwai kunne. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, kuma dabbobin nan da sauti suke kiran juna, wasunsu da shi suke farauta. Sai a nutsar da na'urar ɗaukar sauti ta yi watanni, a ciro a saurara. Ana kuma maƙala musu 'yar na'ura mai aika saƙo ga tauraron ɗan'adam. Har tsofaffin littattafan jiragen da suka yi farautar wel ana tonowa, tun da maharban sun rubuta inda suka kashe kowace. Abin da aka rubuta don neman riba ya koma hujjar kariya.

Gawar da ruwa ya turo gaɓa ma shaida ce. Ɗaliban hadisi sun san labarin rundunar Abu Ubaida bn Jarrah, Allah Ya yarda da shi, da yunwa ta kama su a bakin teku suka tarar da wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci. Irin wannan tsintuwa yau ana auna ta, a yanki tsoka a kai ɗakin gwaji.

In wuri ya shiga taswira, an hana kamun kifi da wucewar jirgi ke nan?

Ko kusa. IMMA ba doka ba ce, ba ta da ɗan sanda. Bayani ne aka ajiye a fili domin gwamnati, da kamfanin jiragen ruwa, da masu neman mai, da sojan ruwa, kada wani ya ce bai sani ba. Wasu na ganin wannan rauni ne. Ni ina ganin da gangan aka raba, kuma an yi daidai: da a ce shata wuri na nufin hana sana'a, da kowace ƙasa ta sa ƙafa ta shure tun a teburin masana.

Kuma sani kaɗai yakan yi aiki, don sau da yawa gyaran ba shi da tsada. A 2003 an karkatar da hanyar jirage a mashigin Fandi na Kanada da 'yan kilomitoci don kauce wa inda wani jinsin wel da ya kusa ƙarewa ke kiwo. A 2008 Amurka ta sa dokar rage gudun manyan jirage zuwa kusan kilomita 18 a awa a wasu wurare na gaɓarta ta gabas, a watannin da dabbar ke nan. A 2022 kamfanin MSC ya matsar da hanyar jiragensa kimanin kilomita 28 kudu a gefen Siri Lanka saboda shuɗin wel. Ga jirgin da ya taso daga Turai zai je Sin, wannan ba komai ba ne.

Ruwan Nijeriya fa?

Gaɓarmu ta kai kusan kilomita 850, kuma tana cikin yankin wani dolfin mai doro da ba a samunsa ko'ina a duniya sai yammacin Afirka, daga wajen Yammacin Sahara zuwa Angola. A ruwa mara zurfi yake zama, kusa da gaɓa, daidai inda masunta ke shimfiɗa raga. A 2017 IUCN ta sa shi a matakin da daga shi sai ƙarewa, kuma ana kiyasin waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba.

Matsalarmu ita ce ƙarancin bincike. Fita teku da jirgi kuɗi ne, kuma an daɗe ana fama da 'yan fashin teku a Mashigin Gini. Don haka in ka ga taswira ta yi cunkus a gefen Turai da Ostireliya, ta yi fayau a wani gefen, kada ka ɗauka dabbobin ne babu. Taswirar tana nuna inda aka duba ne. Masuncin Bonny ko Badagry ya san watan da yake ganin feshin wel, sai dai ba kasafai ake zuwa a tambaye shi a rubuta ba.

Tsarin bai tsaya ga teku kaɗai ba, ya haɗa da dabbobi masu shayarwa na koguna. Ayu, da Sarkawa suka sani a kogin Kwara da tafkin Kainji, yana cikin dangin da ake lissafawa.

Mu da ke Sakkwato, ina ruwanmu?

Ruwanmu kuwa a zahiri. Gulbin Rima ya ratsa ta gefen gari, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, Kwara ta zube a Atlantika. Ledar da aka jefa a kwata da maganin feshin da ruwa ya wanke daga fadama, wani kaso nasu can ya nufa. Damina kuma daga wannan teku iska ke ɗauko mana ita. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a kasuwa, da kayan da ke zuwa ta Apapa ko Kwatano, raga da jirage ne suka kawo su, su ne kuma manyan abubuwa biyu da ke kashe wel da dolfin.

Shata wuri yana ceton dabba ko yaushe?

Ba ko yaushe ba. A arewacin mashigin Kalifoniya na ƙasar Meziko akwai wata 'yar ƙaramar dabba dangin dolfin da ake kira bakita. An san gidanta sarai, wuri ne ɗan ƙarami, an ware shi tun 1993, aka ƙara keɓe mata mafaka a 2005. A 1997 an ƙiyasta su 567. Amma masunta sun ci gaba da kafa raga a ɓoye don wani kifi, totowaba, wanda ake fasa-ƙwaurin jakar iskar cikinsa zuwa Sin da tsada, ita kuma bakita ta sarƙe a ragar ta kasa tasowa numfashi. Ƙirgen shekarun nan na nuna waɗanda suka rage ba su wuce goma ba, ko kusa da haka.