Ginin ƙasa: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Tun da na shiga aikin gyaran tsofaffin soraye, tambayoyi 'yan kaɗan ne ke ta dawowa, kamar an haɗa baki. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Wai ginin ƙasa ba na talaka ba ne?

Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano tun ƙarni na 15, da ƙasa aka gina shi. Sai ka je ka faɗa wa dogarai.

Mene ne bambancin tubali da bulo?

Tubali da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bulo a akwati ake buga shi. Shi ke nan.

Gara ba za ta cinye rufin ba?

Azara daga giginya ake tsage ta, kuma gara ba ta cika samun sa'arta ba. In ka sayo ɗanyen katako don ya fi araha, to kai da gara ku sasanta.

Zan iya yi wa ginin ƙasa filasta da siminti?

Yauwa, a nan ne ake asarar gidaje. Amsar ita ce ya danganta, amma ni na fi karkata ga a'a. Ƙasa tana shan laima da damina, ta fitar da ita da rani. Siminti ba ya haka, kuma ba ya kama ƙasa da kyau. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba shi da hanyar fita. Daga waje katanga tana kyan gani, ciki kuwa ta zama kunu. Wata rana cikin Agusta sai ka ji rugum.

To amma ba zan ce duk wanda ya yi ya yi kuskure ba. In gindin katangar na dutse ne ko bulon siminti, rufin kwano ya zarce bango sosai, ruwa kuma ba ya kwanciya a tsakar gida, filastar tana iya daɗewa. Wasu magina sukan kafa ƙusoshi da ragar waya kafin su shafa, kuma yana taimakawa, ko da yake ƙusa ma tsatsa take yi. In kuwa soro ne mai rufin ƙasa, ko katanga mai fuskantar gabas inda ruwa ya fi duka, ni dai ba da hannuna ba. Maimakon siminti, iyayenmu suna da makuba ta shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa a kwaɓa da ƙasa. Suna da laso, haɗin katsin marina (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini) da gashin jima da yauƙin tsiron dafara. Matsalar ita ce marinar ta yi ƙaranci, masu iya haɗin ma sun tsufa, don haka in ka rasa, ba zan zarge ka ba. Ƙwanƙwasa filastarka da yatsa: in ta yi ƙara kamar ganga, ta riga ta rabu da bango.

Gidanmu ya tsage, ya mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka. Yawancin tsagar sama-sama yaɓe ne maganinta. Amma ka gaya mini gaskiya, yaushe rabonka da hawa soro ka duba indararo? Shekara uku ba yaɓe, leda ta toshe indararo, sannan ka zo kana cewa ginin ƙasa ba shi da ƙarko! A da, kafin ruwan farko kowane mai gida ya gama wannan aikin.

Ina zan ga na gaske?

Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarim. Kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, in ka shiga ciki ka ɗaga kai sai ka ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin. A Nijar akwai hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka gina a 1515 aka sake gininta a 1844. Ga kuma masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma a 1962, har ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Nawa gyara zai ci?

Ban ga gidanka ba.